Johanna Stachel da Neman Zafin da Ƙwayoyi Suka Daskare

A cikin masanan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu da manyantakarsu wajen gwara cibiyoyin ƙwayar zarra da juna domin su ga abin da ke ciki, akwai wata Bajamushiya mai suna Johanna Stachel wadda tarihinta ya cancanci a ba da shi dalla-dalla. Sama da shekara 40 ke nan tana wannan aiki, daga Jamus zuwa Amurka, daga Amurka ta dawo gida, daga nan kuma zuwa kan iyakar Suwizalan da Faransa. Ta gina na'urori tare da ɗalibanta, ta jagoranci tawagogin bincike, sannan ta zauna da alƙalami ta fassara abin da na'urorin suka gani. Masana da yawa sukan shahara a ɗaya daga cikin waɗannan, ko gini ko fassara. Ita kam ta haɗa su, kuma daga wannan haɗin ne alherin aikinta ya fito.

Tambayar da ta tarar

Kafin a fahimci abin da ta yi, sai an san tambayar da ta gada. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna a birnin Manchester na Ingila cewa kusan dukkan nauyin ƙwayar zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya da ke tsakiyarta. Daga baya aka gane cewa cibiyar nan tarin furoton da niyutiron ce. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig, kowannensu a gefensa, suka ce su ma furoton da niyutiron suna da 'yan ciki, waɗanda aka sa wa suna kwak, uku-uku a cikin kowanne. Gwaje-gwajen da aka yi a Stanford ta Amurka daga 1968 suka gaskata hakan. Abin da ke ɗaure kwak da ɗan'uwansa kuwa shi ne ƙwayar da ake kira guluwon.

Sai dai kwak yana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa masana kai. Ba a taɓa kama shi shi kaɗai ba. Duk ƙarfin da aka sa domin a raba shi da 'yan'uwansa, sai ƙarfin ya rikiɗe ya zama sababbin kwak, kowanne ya sami abokin zama, a tashi da ƙwayoyi masu yawa maimakon kwak guda tsirara. A 1973 David Gross da Frank Wilczek da David Politzer suka gano ɗaya fuskar al'amarin: idan kwak suka matsu da juna ƙwarai, ɗaurin yakan yi sako-sako. Daga nan tunani ya zo cewa idan aka matse cibiyoyi ko aka zafafa su iya zafafawa, furoton da niyutiron za su narke, kwak da guluwon su yi ta yawo a sake. A 1978 masanin nan na Tarayyar Sobiyat, Edward Shuryak, ya ba wannan yanayi sunan filasmar kwak da guluwon. Lissafin masana sararin samaniya ya nuna cewa a cikin irin wannan hali duniya take a farkon farawarta, har zuwa kimanin kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙar farko, kafin ta huce kwak su dunƙule su zama furoton da niyutiron ɗin da jikinmu da ƙasa da taurari suka ginu a kansu.

Tun kafin wannan, a 1965, wani Bajamushe mai aiki a cibiyar CERN da ke Geneva, Rolf Hagedorn, ya lura da wani abu. Ire-iren ƙwayoyin da kwak ke haɗawa suna ƙaruwa da sauri matuƙa gwargwadon yadda nauyinsu ke hawa, ta yadda idan zafi ya kai wani mataki, duk makamashin da aka ƙara sai ya tafi wajen haifar da sababbin ƙwayoyi, zafin kuwa ya tsaya cik. Ya ƙiyasta wannan iyaka a wajen MeV 160. Shi MeV ma'aunin makamashi ne da masu wannan fanni ke auna zafi da shi, kuma guda ɗaya ya yi daidai da digiri biliyan 11.6. A 1975 Nicola Cabibbo da Giorgio Parisi na Italiya suka ce iyakar Hagedorn ƙofa ce ta shiga sabon yanayi, wato wurin da ƙwayoyi ke narkewa. Duk wannan a takarda yake. Ba wanda ya taɓa auna shi.

Daga Mainz zuwa Long Island

An haifi Johanna Stachel a birnin Munich ranar 3 ga Disamba, 1954. Ta karanci kemistiri da fiziks a Jami'ar Mainz da kuma babbar makarantar fasaha ta ETH da ke Zurich, ta kammala digirin digirgir a Mainz a 1982. Bincikenta na farko a kan siffar cibiyoyi ne, musamman na ƙarfen rutiniyam, inda ake tambayar ko cibiyar a mulmule take ko a miƙe ko a karkace. Aiki ne mai buƙatar haƙuri da ƙidaya mai tsafta, kuma wannan tarbiyya ta bi ta har ƙarshe.

A 1983 ta tafi Jami'ar Stony Brook da ke tsibirin Long Island a jihar New York. Nan ta hau matakan koyarwa ɗaya bayan ɗaya har ta zama cikakkiyar farfesa a 1994. Nan kuma ta fara aiki da Peter Braun-Munzinger, wanda sunansa da nata suka ci gaba da fitowa tare a kan takardun bincike shekaru da dama. Stony Brook tana maƙwabtaka da ɗakin binciken ƙasa na Brookhaven, kuma zuwanta ya dace da lokacin da ake shirin buɗe sabon babi a can.

Tun a shekarun 1970 ake gwara cibiyoyi a na'urar Bevalac da ke Berkeley, amma ƙarfinta bai isa ya narkar da furoton ba. A 1986 manyan ɗakunan bincike biyu suka shiga fagen a tare. Brookhaven ta fara cilla cibiyoyin oksijin da silikon da na'urarta mai suna AGS, CERN kuma ta fara cilla oksijin, daga baya farar wuta, da na'urarta SPS wadda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Salon gwajin kuwa shi ne a ingiza cibiyoyin har gudunsu ya kusa na haske, a auna su a kan wani siririn fallen ƙarfe, a jera na'urorin ganowa a bayansa su tari abin da ya tarwatse.

Stachel ta shiga gwajin E814 a Brookhaven, da magajinsa E877. Tambayar farko mai sauƙin faɗa ce: idan cibiya ta daki cibiya, tsayawa suke yi su cakuɗe, ko ratsa juna suke su wuce? In ratsawa suke, ba za a sami matsi ko zafin kirki ba, aikin duka ya tashi a banza. Awon E814 ya nuna cewa a ƙarfin AGS cibiyoyin kusan tsayar da juna suke gaba ɗaya, makamashin gudunsu ya zube a ɗan ƙanƙanin wuri.

Da Brookhaven ta sami ikon cilla cibiyar zinariya a 1992, mai ɗauke da furoton da niyutiron 197, sai E877 ta duba wani abu daban. Yawancin karo ba goshi da goshi ake yin sa ba, gefe ne ke gugar gefe. Tawagar ta bi karo ɗaya-ɗaya tana auna inda tarkacen ya fi karkata, kuma a 1994 ta bayyana cewa ƙwayoyin ba fantsama suke yi ta ko'ina daidai wa daida ba, akwai ɓangaren da ake tunkuɗa su gaba ɗayansu. An taɓa ganin irin wannan kwarara a Berkeley a 1984, amma wannan ne karon farko a ƙarfin da ya ninka wancan fiye da sau goma. Ma'anarsa babba ce. Abin da ke samuwa a wurin karon dunƙulallen abu ne mai matsi a cikinsa, wanda ke tura sassansa tare. Idan kuwa haka ne, to yana da zafi da za a iya aunawa.

Yadda ake auna wutar da ba a gani

A nan matsalar take. Curin wutar da karo ke haifarwa bai fi faɗin cibiyar zarra da yawa ba, kuma tsawon rayuwarsa bai wuce lokacin da haske zai ɗauka ya ratsa faɗin cibiya ɗaya ko biyu ba. Babu ma'aunin da za a tsoma a ciki. Abin da ya iso na'ura kawai shi ne ƙwayoyin da suka daskare bayan curin ya huce. Sai dai ƙwararriyar mai ginin tukwane ba ta buƙatar ta tsaya a bakin wuta kafin ta san yadda gashi ya yi, da ta ga launin tukunya ta ƙwanƙwasa ta, ta san zafin da ta sha. Irin wannan karatun ne Stachel da abokan aikinta suka yi wa tarkacen karo.

Dabarar ita ce ƙidaya. Karo guda yana fitar da ƙwayoyi iri-iri: fayon marasa nauyi, kayon da suka ɗan fi su, furoton da kishiyarsa (wato ƙwaya mai nauyinsa amma akasin cajinsa), da wasu masu nauyi irin su lamda da omega. Ƙa'idar zafi ta ce idan abu ya gauraya sosai, to yawan kowace irin ƙwaya ya danganta ne da nauyinta da kuma zafin wurin. Mai nauyi tana da wuyar samuwa, kuma iya tsananin zafi iya sauƙin samuwarta. Saboda haka idan aka ƙirga fayon nawa, kayon nawa, omega nawa, aka kwatanta su da juna, za a iya komawa baya a lissafo zafin da ake ciki a daidai lokacin da suka daskare. Asalin wannan tunani ya koma ga Enrico Fermi a 1950 da kuma Hagedorn, kuma wasu masana sun yi aiki a kansa a zamani ɗaya da ita, cikinsu har da Jean Cleymans na Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, da Krzysztof Redlich na Folan, da Francesco Becattini na Italiya. Gudummawar Stachel da Braun-Munzinger ita ce bin kowane sabon awo, a kowace na'ura, da tsari iri ɗaya, shekara bayan shekara, ba tare da sun ƙara wa lissafin wasu ƙusoshi don ya dace ba.

A 1995 su biyu tare da Johannes Wessels da Nu Xu suka fitar da nazarin awon AGS. Lambobi biyu rak, zafi da kuma rinjayen ƙwaya a kan kishiyarta, suka bayyana yawan dukkan ire-iren ƙwayoyin da aka ƙirga, kuma zafin ya faɗo tsakanin MeV 120 da 140. Shekara ta zagayo suka yi wa awon SPS haka, zafin ya haura zuwa wajen 160. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko zai ci gaba da hawa idan aka ƙara ƙarfin karo.

Komawa gida

A 1996 Jami'ar Heidelberg, wadda aka kafa tun 1386 kuma ta fi kowace jami'a a Jamus ta yau daɗewa, ta kira ta ta riƙe kujerar farfesa. Can ta tarar da gwajin CERES, wanda Hans Specht na Heidelberg ya assasa tare da masana daga Cibiyar Weizmann, kuma daga baya ta zama jagorarsa. CERES tana farautar tagwayen ilektiron da kishiyarsa. Amfaninsu shi ne ƙarfin da ke ɗaure kwak ba ya taɓa su, don haka idan aka haife su a tsakiyar wuta sukan fice salin-alin, ɗauke da labarin cikin gida. A 1995 tawagar ta riga ta ga cewa tagwayen sun fi yadda aka zata yawa a wani yanki na nauyi, alamar cewa ƙwayar da ake kira ro, mai gajeren kwana, tana sauya hali a cikin zafi da matsi. Masana suka rabu biyu, wasu na cewa nauyinta ne ke raguwa, wasu na cewa nauyin bazuwa yake yi ya daina tsayawa a wuri ɗaya. A zamanin jagorancin Stachel aka ƙara wa CERES wani babban ɗakin iska mai bin sawun ƙwayoyi domin awo ya ƙara kaifi. Sakamakon ya karkata ga bazuwa, kuma gwajin NA60 ya zo a 2006 ya ƙarfafa hakan da awo mafi tsafta.

Ana cikin haka fagen ya yi ta faɗaɗa. SPS ta fara cilla dalma a 1994. Ranar 10 ga Fabrairu, 2000, CERN ta sanar cewa gwaje-gwajenta sun tara hujjojin samuwar sabon yanayin halitta. A tsakiyar wannan shekarar Brookhaven ta kunna RHIC, zobe mai kewayen kilomita 3.8 inda cibiyoyin zinariya ke gudu ta fuskoki biyu su yi karo gaba da gaba. A 2005 tawagogin RHIC huɗu suka ba duniya mamaki, suka ce filasmar nan da aka zaci za ta zama kamar iska, ashe ruwa-ruwa ce, mai kwarara kusan ba tare da kauri ba. Stachel da abokanta suka ɗauki ƙidayar RHIC suka sa a lissafinsu. Ƙarfin karo ya ninka na SPS fiye da sau goma, amma zafin daskarewa bai motsa daga wajen 160 zuwa 170 ba. Ya hau daga AGS zuwa SPS, sannan ya tsaya. Abin da Hagedorn ya hango shekara 40 da suka wuce ya bayyana a cikin ƙidaya.

Hasashen da ya saɓa wa kowa

Akwai wata ƙwaya mai suna J/psi, wadda tawagar Samuel Ting a Brookhaven da ta Burton Richter a Stanford suka gano a Nuwamban 1974. Kwak mai nauyi ne da ake kira cam, ɗaure da kishiyarsa. A 1986 Tetsuo Matsui da Helmut Satz suka ce idan filasma ta samu, za ta shiga tsakanin cam da kishiyarsa ta raba su, don haka J/psi za ta ragu. Gwaje-gwajen NA38 da NA50 a CERN suka ga raguwar, kuma wannan yana cikin manyan hujjojin sanarwar 2000. Hankali zai ɗauka cewa iya ƙarfin karo iya ƙarewar J/psi.

A shekarar 2000 ɗin nan Braun-Munzinger da Stachel suka rubuta akasin haka. Hujjarsu ita ce cam yana da nauyin da zafin curin ba ya iya haifar da shi, a bugun farko na karo ake samar da shi, kuma adadinsa ba ya sauyawa har ƙarshe. A ƙarfin SPS sai an yi karo da dama kafin a sami tagwayen cam guda. Amma a babbar na'urar LHC da ake ginawa a CERN a lokacin, karo guda na goshi da goshi zai iya samar da wajen ɗari. Idan duk waɗannan suna yawo a sake a cikin filasma, to a lokacin daskarewa kowane cam zai iya kama kowace kishiya da ya tarar kusa da shi, ko da ba tare aka haife su ba. Saboda haka, in ji su, a LHC J/psi za ta farfaɗo. Robert Thews da abokansa a Amurka sun kai ga irin wannan ra'ayi ta wata hanyar lissafi. Hasashe ne da aka kafa shekara goma kafin a sami na'urar da za ta gwada shi, kuma da ya faɗi da kowa ya gani.

Gina ido

Stachel ba ta zauna jiran wasu su gwada mata ba. Ta shiga ALICE, gwajin da aka keɓe wa karon dalma a zoben LHC mai kewayen kilomita 27. Na'urar tana ƙarƙashin ƙasa a ɓangaren Faransa, tsawonta mita 26, tsayinta mita 16, nauyinta tan 10,000. Karo guda na dalma da dalma a cikinta yana iya watsa ƙwayoyi masu caji wajen 20,000, kuma mafi yawansu fayon ne. J/psi kuwa wani lokaci takan rushe ta zama ilektiron da kishiyarsa, sau 6 cikin 100. Tsamo waɗannan biyun daga cikin dubban fayon shi ne aikin da ta ɗauka, ta zama shugabar ginin ɓangaren da ake kira TRD.

Yana da kyau a dubi ɗaki ɗaya na wannan na'ura da kyau. A gabansa akwai wani faifai mai kaurin kusan santimita 5, na soso da zaruruwan roba da aka cusa. A bayansa akwai sarari mai cike da iskar zenon gauraye da kabon dayoksaid, da siraran wayoyi a miƙe. Tun a tsakiyar shekarun 1940 masanan Sobiyat Vitaly Ginzburg da Ilya Frank suka lissafa cewa ƙwaya mai caji tana fitar da haske idan ta tsallaka daga wani abu zuwa wani. Hasken yakan zama mai ƙarfi irin na hoton ƙashi a asibiti ne kawai idan gudun ƙwayar ya matso na haske matuƙa. Fayon ya fi ilektiron nauyi sau 273, don haka a makamashi iri ɗaya ilektiron ya fi shi kusantar wannan iyaka. Da ilektiron ya ratsa ɗaruruwan zaruruwan nan, sai ya fitar da hasken, iskar zenon ta haɗiye shi tun a bakin shiga, a sami wani tudu a ƙarshen siginar da wayoyi suka karɓa. Fayon kuwa wucewa yake ba tudu. An jera ɗakunan hawa shida, domin abin da hawa ɗaya ya yi shakka a kai, sauran biyar su warware.

Ɗakuna 522 ne a ALICE, masu hanyoyin karanta sigina sama da miliyan ɗaya, da 'yan ƙananan na'urorin lissafi manne a bayansu waɗanda aka tsara su yanke hukunci cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na daƙiƙa ba, ko wannan karo ya cancanci a adana shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: an ƙera ɗakunan a Heidelberg da Darmstadt da Frankfurt da Dubna ta Rasha da Bucharest ta Romaniya, ɗalibai da injiniyoyi suna miƙa wayoyi suna liƙe kowace kafa don kada iskar zenon mai tsada ta tsere. Da LHC ta fara aiki, manyan sassa 7 ne kawai cikin 18 aka kafa. Sai a 2015 zoben TRD ya cika.

Abin da LHC ta nuna

A Nuwamban 2010 aka yi karon dalma na farko a LHC. A 2012 ALICE ta fitar da awonta na farko a kan J/psi, daga wani ɓangare daban da TRD, wanda ke kama ƙwayoyin da ake kira miyuwon. Duk da ƙarfin karo ya ninka na RHIC kusan sau 14, raguwar J/psi ba ta kai ta RHIC ba. Da aka ƙara zurfafawa sai aka ga farfaɗowar ta fi yawa a cikin masu tafiya a hankali, kuma ta fi yawa a tsakiyar na'ura inda cam ya fi cunkoso, daidai inda hasashen 2000 ya ce a duba. Aka kuma ga J/psi tana bin kwararar curin tare da sauran ƙwayoyi. Wannan hujja ce mai nauyi cewa kwak suna tafiya a sake a cikin filasma, domin cam ba zai haɗu da baƙuwar kishiya ba sai in ya sami hanyar ratsawa ya isa gare ta.

Sai kuma ƙidaya. A 2018 Anton Andronic da Braun-Munzinger da Redlich da Stachel suka wallafa nazarinsu a mujallar Nature. Sun jera ƙwayoyin da ALICE ta ƙirga, daga fayon da ake samu ɗaruruwa a kowane karo, zuwa furoton, zuwa diyuteron (furoton ɗaya ɗaure da niyutiron ɗaya), har zuwa kishiyar cibiyar hiliyam wadda sai an yi miliyoyin karo kafin a ga guda. Tsakanin mafi yawa da mafi ƙaranci akwai tazarar ninki biliyan ɗaya. A cikin ƙananan cibiyoyi, duk furoton ko niyutiron guda da aka ƙara yakan rage yawan samuwa kusan sau 300. Zafi guda ɗaya ya bayyana wannan jeri gaba ɗaya: MeV 156.5, da yiwuwar kuskuren 1.5 sama ko ƙasa. Wato kimanin digiri tiriliyan 1.8, wanda ya ninka zafin tsakiyar rana, mai digiri miliyan 15, fiye da sau 100,000.

Abin da ya ƙara wa wannan adadi daraja shi ne shaidar da ta zo daga wata hanya daban. Akwai masanan da ba sa taɓa na'urar karo, suna warware ƙa'idar kwak da guluwon ne kai tsaye a manyan kwamfutoci. Tun 2006 lissafinsu ya nuna cewa sauyin daga filasma zuwa ƙwayoyi a hankali yake faruwa, ba farat ɗaya ba, kuma da lissafin ya ƙara kaifi sai tsakiyar sauyin ta faɗo a wajen MeV 155 zuwa 158. Masu ƙidayar tarkace da masu lissafin kwamfuta suka haɗu a wuri ɗaya. Ɗan'adam ya auna zafin da furoton ya samu a cikinsa.

Girmamawa da sauran aiki

Ƙungiyar masana fiziks ta Jamus, wadda aka kafa a 1845, ta zaɓe ta shugaba daga 2012 zuwa 2014, kuma ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera bayan shekara 167. A 2014 ta karɓi lambar Lise Meitner ta ƙungiyar masana fiziks ta Turai tare da Braun-Munzinger da Paolo Giubellino da Jürgen Schukraft, saboda aikinsu a ALICE. A 2019 ita da Braun-Munzinger suka karɓi lambar Stern-Gerlach, mafi girma da ƙungiyar masana fiziks ta Jamus ke bayarwa a fannin gwaje-gwajen fiziks. Ɗaliban da suka koyi miƙa waya da tace awo a hannunta sun bazu a jami'o'i da ɗakunan bincike, kuma wannan gado ne da ba ya cikin jerin lambobi.

Aikin bai ƙare ba, kuma ba kowa ya yarda da kowace fassara tata ba. A awon farko na LHC furoton ya zo ƙasa da abin da lissafin ya ce, har sai da aka shigar da yadda fayon da furoton ke mu'amala da juna kafin giɓin ya ragu. Akwai kuma babbar tambayar diyuteron. Makamashin da ke ɗaure furoton da niyutiron ɗinsa MeV 2.2 ne kacal, amma yawansa ya dace da zafin 156, wanda ya isa ya wargaza shi nan take. Wasu masana na ganin daga baya yake haɗuwa, bayan wuta ta lafa. Stachel da abokanta na ganin ana haifar sa ne a matsayin dunƙulen kwak tun a lokacin daskarewa, sannan ya buɗe. Har yau ana kan wannan muhawara.

Stachel da abokanta kuwa sun sake yin abin da suka saba. A 2021 suka wallafa lissafin yawan ƙwayoyin da ke ɗauke da cam biyu ko uku da ya kamata a samu a karon dalma, adadin da ya zarce nesa abin da za a samu in da kwak ba sa yawo a sake. Na'urorin yau ba su kai ga auna mafi yawansu ba. Sabuwar na'urar da ake shiryawa, ALICE 3, wadda ake fatan ta fara aiki a tsakiyar shekarun 2030, tana cikin manufofinta ta ƙirga su, yayin da cibiyar FAIR da ake ginawa a Darmstadt za ta binciki ɓangaren matsi mai tsanani da Stachel ta fara taɓawa a Brookhaven. Alƙaluman suna nan a rubuce, kowa na iya ɗauka ya riƙe, kuma matasan da za su tabbatar da su ko su rushe su suna aji yanzu suna koyon sana'ar. Masaniyar da ta yarda ta rubuta adadi tun kafin a auna, ta kuma taimaka wajen gina na'urar da za ta iya ƙaryata ta, ta nuna wa na baya yadda ake riƙe ilimi da amana.